Tsatsar Alkama Ƙabila-Ƙabila Ce

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani zance da ake yawan ji a bakin masu sayar da iri da masu raba shi, watau, "Wannan iri ba ya kamuwa da cuta." Ni mutumin Illela ne, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kilomita 80 da 'yan kai arewa da Sakkwato, kuma da noman rani aka ciyar da mu aka sa mu makaranta. Saboda haka in an yi wannan zance a kan alkama, ba labarin wasu ake ba ni ba. Abin da na koya a darasin aikin gona da abin da na karanta a laburare ya nuna mini cewa zancen yana da gaskiya, amma ba a ƙarasa shi ba. Kamata ya yi a ce, "Ba ya kamuwa da cutar da aka gwada shi da ita, a shekarar da aka gwada shi."

Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunanta ma daga Larabci muka aro shi, kuma tun zamanin kakanni ana shuka ta a fadama ana yi mata ban-ruwa da jigo, a sami na alkaki da funkaso da taliya. Da burodi ya shiga kowane gida sai abin da muke nomawa ya kasa, har ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci daga ƙasashen waje ake sayo ta. A 1987 gwamnati ta hana shigo da ita don a noma ta gida, a 1992 aka janye dokar. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 kuɗin fulawa ya yi tashin gwauron zabo, sai aka sake komawa ga manoma, har a watan Nuwamba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Jihar Jigawa. A wajenmu akwai gonakin ban-ruwa a Wurno da ƙarƙashin madatsar Goronyo da kewayen tafkin Kalmalo, sa'an nan in ka tsallaka iyaka ga babban filin ban-ruwa na Birnin Ƙonni. Duk inda aka ce a ƙara noman alkama kuwa, sabon iri ake kawowa, da alkawarinsa.

To, mece ce tsatsa? Ba tsatsar ƙarfe ba ce, kama ce kawai ta sa aka ba ta sunan. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce, dangin fumfunar da ke fita a kan tuwon da ya kwana biyu, 'yar'uwar burtuntunar da ke baƙanta dawa. Inda ta bambanta da fumfuna shi ne ita ba ta cin mataccen abu, sai tsiro mai rai. Jan garin da ke kama yatsa in an shafa ganye mai cutar, ƙwayoyinta ne, kowace ɗaya iri ce, kuma sai an jera kamar 30 ko 40 kafin su cika milimita 1. In iska ta jefa ƙwaya ɗaya a kan ganye, ta sami raɓa ta kamar awa 6 zuwa 8, sai ta tsira, ta shiga ta 'yan ƙananan kafofin da ganye ke shaƙar iska da su, ta dinga tsotsar abincin da ya kamata ya tafi cikin zangarniya. Bayan kwana 7 zuwa 10 sai wurin ya yi ƙurji ya fashe, ya riƙa fitar da dubban sababbin ƙwayoyi kowace rana. Ranar sussuka manomi ya tarar da ƙwayar alkamarsa a ƙanjame, ba nauyi ba gari.

Iri uku ce a kan alkama. Akwai tsatsar ganye, mai ƙananan ƙuraje masu launin jar ƙasa a warwatse bisa ganye. Akwai rawaya, wadda ke jeruwa layi-layi kamar ɗinkin keke, ita ta fi son sanyi. Sai tsatsar kara, mai dogayen ƙuraje ja-wur masu yaga fatar kara, wadda ta fi jure zafi, ta kuma fi muni, don takan karya gona ta kwanta ƙasa.

Wannan rabo kowa yana iya gani da idonsa. Wanda ido ba ya gani shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 1916 tsatsar kara ta yi mummunar ɓarna a gonakin Amurka da Kanada. Wani masani a Jami'ar Minesota, mai suna E. C. Stakman, ya lura da cewa tsatsar da aka ɗebo daga wuri kaza takan kama wani irin alkama ta ƙyale wani, ta wani wurin kuma ta yi akasin haka, alhali kuwa in an duba su a madubin ƙara girman abu ba a iya rarrabe su. Ashe cikin tsatsar kara kaɗai akwai ƙabilu da yawa, fuska ɗaya, hali dabam-dabam. Da yake ba a gane su da kama, sai ya fito da dabarar gane su da aiki. A 1922 shi da abokin aikinsa suka zaɓi irin alkama 12, su shuka su a tukwane, su barbaɗa musu tsatsar da ake so a gane, sa'an nan su ba kowane tsiro maki daga 0 zuwa 4. Wanda ya sami 0 ko tabo babu, wanda ya sami 4 kuwa ƙuraje ne manya-manya. Jerin waɗanda ta ci da waɗanda suka gagare ta, shi ne shaidar ƙabilarta.

Me ya sa wannan ƙabila za ta ci wannan iri, waccan ta kasa? Wani Ba'amurke mai suna H. H. Flor ne ya warware wannan a shekarun 1940 zuwa 1950, da ya yi bincike a kan tsatsar tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Kowace halitta tana da ƙwayoyin gado, watau abubuwan da take karɓa daga iyayenta, su ne ke sa ɗa ya yi kama da uba. Flor ya gano cewa ƙwayar gado ɗaya ta juriya a jikin tsiro, da ƙwayar gado ɗaya a jikin tsatsa take aiki. Bari in kawo misali daga garinmu. A ce an ba jami'in kwastan a ƙofar iyaka lambar wata mota, an ce duk ranar da ta zo ya tare ta. Muddin motar ta zo da wannan lamba, ba ta wucewa. Amma ranar da mai motar ya cire lambar ya liƙa wata, jami'in nan yana tsaye da kakinsa motar za ta wuce ta gabansa, kaya kuwa su ne dai na jiya. Haka ƙwayar juriya take. Wata alama guda ta sani a jikin tsatsa. In ta gane ta, tsiron yakan kashe 'yan sassan ganyen da ke kewaye da wurin da cutar ta shiga, kamar yadda ake ƙone ciyawa a gaban gobarar daji don wuta ta rasa abin ci. Tsatsa kuwa mun ce ba ta cin matacce, sai ta mutu a nan, a ga ɗan farin ɗigo kawai a ganye. In alamar ta sake, tsiron ba ya ma sanin an shigo.

Tsatsa ba wayo gare ta ba, yawa gare ta. A cikin miliyoyin miliyoyin ƙwayoyin da gona ɗaya ke fitarwa, ba a rasa ɗaya da aka haifa da 'yar canji a gadonta. A wasu ƙasashe kuma akwai wata ƙaya mai suna barberi wadda a kanta ƙabilun tsatsar kara ke auratayya su haifi sababbi, Amurka kuwa ta shiga tumɓuke ta tun 1918. To, in manoman ƙasa duka iri ɗaya suka shuka, mai jami'i ɗaya a ƙofa, wannan ƙwaya guda da ta sake lamba ta sami ƙasar duka ita kaɗai, ba mai tare ta, ba abokin rabo. Haka ya faru a 1953 da 1954, lokacin da wata ƙabila mai lamba 15B ta cinye yawancin alkamar taliya ta arewacin Amurka.

A yau da irin alkama 20 ake yin gwajin, an kasa su kashi 5, kowane kashi 4. Kowane kashi ana ba shi harafi. In tsatsar ta kasa cin ko ɗaya cikin huɗun, a rubuta B. In ta cinye su duka, a rubuta T. Sauran baƙaƙen da ke tsakani suna nuna wanne ta ci, wanne ta bari. Don haka sunan ƙabila yakan zo da haruffa 5, kuma wanda ya san ƙa'idar yana ganin sunan ya san irin da zai tsira. Ƙwayoyin juriya su ma suna da suna: na tsatsar kara ana rubuta Sr da lamba, an kuwa san fiye da 60.

Ɗaya daga cikinsu, Sr31, daga wani hatsi ɗan'uwan alkama mai suna rai aka ɗauko ta aka sa wa alkama. Ta yi aiki ƙwarai da gaske. Cibiyar binciken masara da alkama ta duniya da ke Meziko, inda Norman Borlaug ya yi aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1970, ta yaɗa irin da ke ɗauke da ita a Asiya da Afirka, aka yi kusan shekara 30 ba a jin ɗuriyar tsatsar kara, har wasu ƙasashe suka rage kuɗin bincike a kanta. Kwatsam, a 1998, aka ga ƙuraje a kan alkama mai Sr31 a wata gonar gwaji a Yuganda. A 1999 aka tabbatar sabuwar ƙabila ce, aka yi mata laƙabi da Ug99, sunanta na haruffa kuwa TTKSK. Mai son lissafi ya ƙirga: cikin iri 20 ta ci 17. A 2001 tana Kenya, a 2003 tana Habasha, a 2006 tana Sudan da Yaman, a 2007 ta kai Iran. Da aka kai irin alkamar ƙasashen duniya tashar Njoro ta Kenya aka gwada, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 suka kamu. Ba ta kuma tsaya yadda take ba. A 2006 aka sami 'yarta TTKST a Kenya, wadda ta ƙara da cin Sr24, a 2007 aka sami TTTSK mai cin Sr36. Harafi ɗaya ne ya sake a takarda, amma a gona iri guda ne sukutum ya tashi daga aiki.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Habasha, don manomansu irin namu ne, masu 'yan ƙananan gonaki. A 2010 tsatsa rawaya ta faɗa wa irin da suka fi shukawa, mai suna Kubsa. Aka nemo musu wani mai suna Digalu, wanda ke jure rawayar, yake kuma jure Ug99. Wa zai ƙi? Cikin shekara 3 Digalu ya zama irin da aka fi shukawa a ƙasar. A ƙarshen 2013 sai ga tsatsar kara a lardin Bale, ta kwantar da gonakin Digalu, wasu manoma ba su ɗauki kome ba. Da aka gwada ta sai aka tarar ba Ug99 ba ce, ba ma danginta ba ce. Sunanta TKTTF. Ku ƙirga kuma: ita ma 17 ta ci cikin 20, daidai da Ug99. Amma ita Sr31 ta gagare ta, sai dai tana cin wata ƙwaya mai suna SrTmp wadda ta gagari Ug99, ita ce kuwa kaɗai ke tsaron Digalu. Wanda ya tambaya wacce ta fi wata ƙarfi cikin biyun nan, sai a tambaye shi wane iri ke gonarsa.

Sha'ir, wanda yawancinmu a littafin fiƙihu muka san shi wajen zancen zakkar fid da kai, shi ma bai tsira ba. A Habasha da Arewacin Afirka abinci ne babba. Yana da tasa tsatsar ganye wadda ba ta alkama ba ce, amma tsatsar kara ta alkama tana kama shi. Manoman arewacin Amurka sun dogara ga ƙwaya guda mai suna Rpg1 tun shekarun 1940, ta yi musu tsaro shekara da shekaru, Ug99 kuwa ba ta san da zamanta ba.

Yanzu mu dawo gida. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin fitar da irin alkama a Nijeriya, kuma yawancin irin da ta fitar asalinsu daga cibiyoyin duniya ne, kamar Norman da Reyna-28. Cikin tsofaffin akwai Seri M82, ɗan Meziko, wanda ke ɗauke da Sr31 ɗin nan da Ug99 ta karya. Duk da haka tsatsa ba ta cika ɓarna a gonakin ban-ruwa na ƙasarmu ba. Da hutun Disamba na yi wannan zance da kawuna, wanda ke da 'yar gonar alkama a wajen Kalmalo. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, shekara goma ina shibka wanga iri, ban taɓa ganin wata tsatsa ba. Iri na mai kyau." Na ce, "Kawu, yaya sunan irin?" Ya ce, "Ɗan Ƙonni muka ce mai, can munka samo shi."

Kawu bai yi ƙarya ba, amma a ganina yabon da ya yi wa irinsa, hunturu ya kamata ya yi wa. Muna shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba, ta girma cikin busasshiyar iska wadda ke tsattsage leɓe, ba ta barin raɓa ta daɗe a ganye. A girbe ta wajen watan Maris, sa'an nan bazara ta zo da zafin da ke wuce digiri 40, a yi wata 7 babu ko tsiron alkama ɗaya da cutar za ta raɓa. Irin da bai taɓa haɗuwa da abokin gaba ba, ba a san jarumtakarsa ba. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da ya sa ban saki jiki ba, dalili uku ne. Na farko, wurin da aka sami Ug99 a Sudan, watau Sabuwar Halfa, filin ban-ruwa ne mai zafi kamar namu, a nan ma da rani ake noman alkama. Na biyu, a 2021 an ƙaddamar da shirin noman alkama na damina a Jihar Filato. Abin murna ne, amma tsaunuka masu sanyi da laima su ne gidan tsatsa, kuma in akwai alkama a tsaye can da damina, nan da rani, to, watannin nan 7 da ke kashe mana cutar da yunwa sun ragu. Na uku shi ne iska. An rufe iyakarmu a 2019, an sake rufe ta a 2023, mun ga manyan motoci sun yi jerin gwano a Illela mako da makonni, amma ba a taɓa tsayar da iska an duba takardunta ba. Ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele na Chadi tana tsallake teku har Amurka ta Kudu, masana kuma sun nuna cewa tsatsar kara ta taɓa tashi daga kudancin Afirka ta sauka Ostareliya a 1969. Tufafin matafiyi ma suna ɗaukarta. Ta haka ake kyautata zaton rawaya ta shiga Ostareliya a 1979.

Wani abu da ya kamata a gyara a nan: ƙwayar iri ba ta ɗauke da tsatsa. In ka sayo buhun iri a kasuwar Illela ranar Lahadi, ba cutar ka sayo ba. Abin da ke cikin buhun shi ne juriyar irin ko rauninsa, kuma ba a sanin wannan sai an san sunansa na gaskiya. Ranar da aka yi shela a rediyo cewa sabuwar ƙabila ta ɓullo tana cin iri kaza, mai "ɗan Ƙonni" ba shi da hanyar sanin ko da shi ake. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu, in an ba su iri su ajiye takardar da ke liƙe a bakin buhu, in ba su iya karanta ta ba su ba mu mu karanta, ai don haka aka kawo mu makaranta. Ba kuma daidai ba ne unguwa guda ta koma iri ɗaya don ya ba da amfani bara. Abin da mutanen Bale suka yi ke nan.

Masu fitar da iri su ma sun canja dabara. Maimakon jami'i ɗaya a ƙofa, suna tara ƙwayoyin juriya da yawa a iri guda, don da wuya tsatsa ta sake lamba uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Akwai kuma wata juriya ta dabam, irin ta Sr2 da Lr34, wadda ba ta hana cutar shiga, sai dai ta rage mata gudu, ƙuraje su zama kaɗan, su makara, har alkama ta nuna. Irin wannan ta yi fiye da shekara 50 tana aiki ba a karya ta ba. Don haka in malamin gona ya ce wannan iri yakan ɗan yi tabo amma ba ya faɗuwa, kada a raina shi a zaɓi mai ganye fes; mai yiwuwa shi ne zai fi daɗewa.

Ga 'yan'uwana da za su je gida hutu, duba gona ba wuya. A shiga da sassafe, a fara da wurin da shuka ta yi kauri, inda ruwa ke kwanciya ko inda aka zuba takin zamani da yawa, don a nan raɓa ta fi daɗewa. Gonar da aka makara wajen shukawa ita ma a sa mata ido. A duba ganyen ƙasa da kara, a shafa da farin ƙyalle. In ganye ya yi rawaya amma ƙyalle bai ɗauki kome ba, sau da yawa ƙarancin taki ne ko ƙishirwa. In ƙyalle ya fito da gari ja ko rawaya, a rubuta ranar da sunan irin, a lura ko ƙurajen a ganye suke ko a kara, ko a warwatse ko a jere, a kai wa malamin gona labari a ranar, don maganin feshi da wuri yake amfani. Rigar da aka shiga gonar da ita kuwa, kada a shiga gonar maƙwabci da ita sai an wanke.